Allon Mai Ƙanƙara

A Gawon Nama, jikin shagon Malam Hantsi,
akwai allon da ka fara ran Talata.
Shuɗin fenti, manyan baƙaƙe:
ANA SAYAR DA ƘANƘA
Ka ce gobe za ka kawo sauran biyun.
Wata bakwai ke nan, Zayyanu,
mai shago ya hana kowa ya ƙarasa.

Ni na fi kowa yi maka faɗa.
Na ce taura biyu ba ta taunuwa,
ka kama sana'a ɗaya ka zauna.
Ka yi dariya har hularka ta faɗi,
ka ce, "Yaya, haƙori talatin da biyu gare ni,
mi za ni yi da saura?"

Da safe kana Shiyar Maɗunka,
basilla a hannu, jar fata a cinya.
Kafin hantsi ya dubi ludayi
wayar wani na kwance a buɗe gabanka,
'yan kusoshinta cikin murfin kwalba.
Yaran layinmu kuwa ba su san kantin wasa ba,
kai suka sani:
gwangwanin madara ya shiga hannunka,
ya fito tirelar siminti daga Kalambaina,
har da lamba, har da ƙaho.
Da dare sai kuntigin nan na gwangwanin kifi,
Inno tana cewa ka sassauta, maƙwabta na barci,
alhali ƙafarta na bin kiɗan a ƙarƙashin zane.

Bazarar da zafi ya hana ta runtsawa
ka tsinto injin tsohuwar rediyo
da tsagaggen farantin sola,
ka yi mata fanka.
Har yau tana juyawa.
Tana wani ɗan ƙas, ƙas, duk zagaye,
na ce in kai a gyara,
Inno ta ce in na taɓa ta ba ta yafe ba.

Laraba ce. Ba ciwo, ba jinya, ba sallama.
Ka dawo daga azahar ka zauna a dakali,
ka ce kanka na sarawa,
ka ce Nusaiba ta ɗebo maka na randa.
Taku nawa ne daga randa zuwa zaure?
Moɗa ta iso, ba ta tarar da kai ba.
Likita ya faɗi wani dogon suna, ban riƙe ba.
Shekara ashirin da huɗu,
da fenti a ƙarƙashin farcenka
wanda ruwan wanka bai fitar ba.

Wurin zaman makoki na ga baƙin fuskoki.
Wata tsohuwa daga Kware da tabarau ɗaure da waya,
ta ce kai ka ɗaure, ba ka karɓi ko sisi ba.
Wani yaro kurma ya miƙo mini takarda,
fuskarka ce, da gawayi.
Ya nuna kansa, ya nuna hannunsa, ya nuna ka.

Da muka buɗe akwatinka
sai ga littafi cike da abin da bai zo ba:
injin ban ruwa don masu albasa a fadamar Rima,
takalmin da ba a yanka ba,
rabin baiti.
A shafin ƙarshe ga ni, na haɗe gira,
ka rubuta a ƙasa: Yaya na faɗa.
Ka kama ni sarai, har jijiyar goshi.

Ashe sauri kake, ni ban sani ba.
Da na sani da na riƙe maka gwangwanin fenti.

Allah ya jiƙanka, ƙanena, ya sanyaya makwanci.
Kullum in zan tafi aiki ta nan nake bi.
'Yan makaranta na karanta allon suna dariya,
ni kuwa sai in rage gudun babur,
in ƙarasa maka a hankali, cikin bakina:
ra.